Yadda muka yi tallan awon hawan jini a kasuwar masu maganin maza

Duk wanda ya ce mazan Hausawa ba su damu da lafiyarsu ba, to bai taɓa leƙa ƙarƙashin tallan masu maganin maza a Facebook ko TikTok ba. Mutum zai ɗora bidiyo yana riƙe da gora mai baƙin ruwa, yana rantse-rantse cewa tana maganin basir da sanyi da ciwon baya da raunin gaba duk a kurɓi ɗaya. Kafin la'asar tsokaci ya cika maƙil: nawa ne, ana kawowa Gusau, turo lamba, ni ma a ajiye min biyu. Ka buɗe hotunan masu tambayar ka gani, magidanta ne da gemunsu da furfurarsu. Damuwa kam akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai faɗa musu gaskiya da irin muryar da mai gora yake shara musu ƙarya.

Da wannan tunanin na karɓi aikin da ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kano ta ɗora mini, na yayata taron duba lafiyar maza da muka shirya a watan Nuwamban da ya wuce. Ni ba likita ba ne, ba kuma ma'aikacin jinya ba. Shagon buga katin biki da fasta da kalanda gare ni, saboda haka duk abin da ya shafi waya da kwamfuta a unguwa ni ake jibga wa, ko na iya ko ban iya ba. Taron ma ba wani gagarumi ba ne. Awon hawan jini ne, da gwajin suga, da gwajin ciwon hanta, da awon nauyi, sai aji guda a firamaren unguwa da muka sa wa labule, inda mutum zai zauna da likita namiji ya faɗi abin da ba zai faɗa a majalisa ba. Likitocin da ma'aikatan jinyar duk 'ya'yan unguwa ne, kyauta suka ba da lokacinsu. Kayan gwaji kuma karo-karo muka yi muka saya.

Ranakun da ke cikin Nuwamba ne suka sa muka zaɓe shi. Ranar 14 ga wata ta ciwon suga ce ta duniya, 19 ga wata kuma ranar maza ta duniya, wadda wani malamin jami'a a Trinidad da Tobago, Dokta Jerome Teelucksingh, ya farfaɗo da ita a 1999. A irin waɗannan ranaku gidajen rediyo da shafukan jaridu kan ɗan taɓo zancen lafiya, sai mu ma mu raɓa. Wani ƙanenmu da bai daɗe da gama jami'a ba ya zo zaman shiri yana ta zumuɗi, wai mu kwaikwayi Movember. Wannan gangami ne da ya faro a birnin Melbourne na Ostireliya a 2003, lokacin da wasu abokai biyu, Travis Garone da Luke Slattery, suka haɗa mutum 30 kowa ya saki gashin bakinsa tsawon watan Nuwamba. Dabarar ita ce duk wanda ya ga fuskarka ta sauya zai tambaye ka lafiya, daga nan sai zancen kansar mafitsara, wato ta ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da ta maraina da lafiyar ƙwaƙwalwa ya ɓalle. Abin ya karɓu, ya bazu ƙasashe da dama. Da yaron ya kai aya, sai wani dattijo a cikinmu ya shafa gemu ya ce, "Yaro, mu da aka umarta mu rage gashin baki mu cika gemu, kai kuma za ka sa mu sake shi wata guda cur? Ka bari mu rabu da malamai lafiya." Aka yi dariya aka wuce wurin. Ni dai na ga hikimar mutanen can: sun nemo hanyar da namiji zai buɗe baki ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Mu ma ita muke nema, amma dole tamu ta fito daga inda mazanmu suke hira.

Sai na zauna na yi wa tallan masu gorar nan karatun ta-natsu. Abu na farko, mai gora ba ya kiran sunan cuta irin na asibiti. Abin da kake ji a jikinka yake zayyana maka, ɗaya bayan ɗaya, har ka ce wannan mutumin a ɗakina ya kwana. Na biyu, da baki yake magana, ba ya wahalar da kai da karatu. Sannan ya yi maka alkawarin sirri, za a kawo maka a baƙar leda ba wanda ya sani. Daga ƙarshe ya gaya maka takamaiman abin da za ka yi yanzu-yanzu, ga lamba, kira. Ka kwatanta da fastar da masu wayar da kai suka saba kawo mini in buga: Turanci a sama, tambarin ƙungiyoyi a jere a ƙasa, hoton wani Baturen likita da aka ciro daga intanet yana murmushi, sai "rigakafi ya fi magani" a tsakiya da manyan baƙaƙe. Ni nake buga su, ni nake karɓar kuɗin, amma ban taɓa ganin wanda ya fasa zuwa kasuwa ya tafi awo saboda su ba.

Wani abu da likitanmu ya faɗa a wannan zaman ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ya ce masu sayen gorar nan su ne ainihin mutanen da muke nema ruwa a jallo. Raunin gaba a wurin magidanci sau da yawa shi ne alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini ko matsalar jijiyoyin zuciya, domin jijiyoyin jinin da ke wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, su suke fara nuna an taɓa su. Mutum yana can yana bin maganin abu ɗaya, asalin ciwon yana cin sa a hankali. Ga kuma haɗarin gorar kanta. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi cewa wasu daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan gargajiya ana cusa musu sinadarin sildenafil, wato maganin raunin gaba na asibiti, a ɓoye, ba tare da an san adadinsa ba. Wanda yake shan wasu magungunan ciwon zuciya, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Ba ya sallama, sai dai a wayi gari a ce wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye.

Saboda haka na ce wa kwamiti ba fasta za mu sa a gaba ba, saƙon murya za mu yi, kuma likitan ne zai yi shi da bakinsa. Mun kai ruwa rana da shi kafin ya yarda ya ajiye kalmomin asibiti. Ga abin da muka tsaya a kai, bai kai minti ɗaya da rabi ba:

"Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne likita wane, ɗan gidan wane na bayan masallacin Juma'a. In kana tashi fitsari sau uku sau huɗu cikin dare, ko fitsarin ba ya fita da ƙarfi sai ka yi yunƙuri; in kana yawan jin ƙishirwa, kana ramewa ba dalili; in harkar iyali ta fara ja da baya har kana sayen magani a ɓoye; kai, ko da ba ka jin komai in dai ka haura arba'in, ka zo firamaren unguwa ranar Asabar da an idar da sallar Asuba. Kada ka karya kumallo. Mai shan maganin suga ya taho da maganinsa da abin karinsa. Ba kuɗi, ba allura, ba ɗaukar hoto. Ɗigon jini ne kawai daga ɗan yatsa, a gabanka za a gwada, kai kaɗai za a gaya wa sakamako."

Jimlar nan ta harkar iyali ta so ta raba kan kwamiti. Wasu suka ce rashin kunya ce a ji wannan a zauren WhatsApp da uba da ɗa suke ciki. Na ce ai mai gora yana faɗin wanda ya fi shi muni da lasifika a bakin kasuwa, uba da ɗan suna tsaye suna ji. Da ja-in-jar ta yi tsawo muka ɗauki wayar muka je wurin liman. Ya saurara sau biyu, ya ce, "Babu kunya a sha'anin addini, balle a sha'anin rai. Yaron nan bai faɗi alfasha ba. Ku tura, ni ma zan sanar ranar Juma'a." Ya kuwa sanar bayan sallame salla, a taƙaice, ya ce duk wanda yake son cikakken bayani ya duba zauren masallaci a wayarsa.

Me ya sa murya? Dalilan a fili suke ga duk wanda yake zaune da mutane. Akwai magidanta da yawa da suke karanta Alƙur'ani da ajami tiryan-tiryan amma rubutun boko yana yi musu nauyi. Ɗan adaidaita sahu yana kan titi tun safe, abin kunne a maƙale, zai saurara amma ba zai tsaya karatu ba. Ga tsadar data. Tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100, mutane da yawa suka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Ka tura bidiyo mai nauyi, sai ya zauna a dusashe a waya har ranar taro ta wuce ba a buɗe ba. Saƙon murya kuwa ba ya cin komai. Har wurin masu cajin waya da masu tura fina-finai na kai shi, na roƙe su su riƙa haɗa wa abokan cinikinsu da shi kyauta.

WhatsApp yana da ƙa'idojinsa, wanda bai san su ba zai yi ta wahalar banza. Zaure ɗaya ba ya wuce mutum 1,024. Saƙo ba ya turuwa zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, in kuma ya sha yawo har aka yi masa alamar an tura shi da yawa, sai wuri ɗaya-ɗaya. Jerin aika wa mutane da yawa a tashi ɗaya yana ɗaukar 256, amma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai gani ba. Sitatus kuma awa 24 ne ya ɓace. Duk wannan yana nufin mutum ɗaya ba zai iya cika gari da saƙo daga wayarsa ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba. Saƙon da ya shigo daga baƙuwar lamba, gogewa ake yi. Abin da na yi shi ne na bi masu riƙe da zauruka da ƙafata: na masallaci, na 'yan adaidaitan tasharmu, na 'yan layinmu da ke Kantin Kwari, na tsofaffin ɗaliban firamare, na iyayen yaran Islamiyya. Kowa na ce masa, ranka ya daɗe, kada ka tura shi tsurarsa. Ka ɗora naka a kai, ko da jimla ɗaya ce, ka ce ni ma zan je. Shugaban 'yan adaidaita ya yi nasa, ya ce duk wanda bai zo ba kada ya ƙara kawo masa kukan ciwon baya. Wannan gatsen nasa ya fi duk wani tsari da na zana a kwamfuta aiki.

Amma in za a yi adalci, mata ne suka cika mana rumfa. Wata ma'aikaciyar jinya a unguwar, uwa ce a wurinmu, ta ce mu ba ta dama ta yi nata saƙon daban zuwa zaurukan mata, na Islamiyya da na adashi da na biki. Ban sa mata baki ba. Abin da ta ce musu a taƙaice shi ne, ke kika san sau nawa yake tashi da dare, ke kike ganin ledar maganin da yake turawa ƙarƙashin katifa, in kuma ya faɗi ke za ki yi jinya, ke za ki riƙa juya shi. Ta ce kada ki yi masa gori, kada ki ce ba shi da lafiya, ce masa za ki yi kowa ma zai je. Wani maƙwabcina ya ba mu dariya a layi ranar taron. Ya ce ya dawo daga masallaci ya miƙa hannu zai jawo kofin koko, sai uwargida ta janye ta ce, "Maigida, yau kokonka yana firamare, sai ka dawo." Ya ce shekararsu ashirin da wani abu tare ba ta taɓa hana shi abinci ba sai da muka shiga tsakani.

Facebook kuma fa? Na ɗora a shafin ƙungiya, tsokaci ya yi ta zuba: Allah ya saka da alheri, Allah ya ba da lada, madalla da wannan tunani. Na bi sunayen na duba, mafi yawansu suna Abuja, Legas, Fatakwal, wasu ma Saudiyya. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma mai addu'a daga Jidda ba zai zo layi ranar Asabar ba. Duk da haka ba zan ce Facebook bai yi rana ba. Ta nan wasu 'yan unguwa da ke nesa suka turo gudunmawar da muka ƙara tsinken gwaji, ta nan kuma wasu suka ga sanarwar suka kira iyayensu a waya suka matsa musu. Tsoho zai iya yin biris da ni, amma ɗansa da yake turo masa kuɗin cefane in ya ce Baba don Allah ka je, zuwa zai yi. Mun ɗan gwada tallan kuɗi ma. Tun watan Janairun 2022 kamfanin Meta mai Facebook ya cire damar zaɓar masu ganin talla bisa abin da ya shafi lafiya, kuma ƙa'idarsu ba ta yarda ka rubuta talla kamar ka san ciwon mai karantawa ba. Abin da ya rage shi ne ka zaɓi maza, ka zaɓi shekaru, ka zaɓi kewayen da kake so. Ra'ayina, ga taron unguwa ɗaya, wannan kuɗin gara a sayi safar hannu da auduga da shi. TikTok kuwa samari ne suka fi yawa a can, mun yanka saƙon likita mun ɗora, ya ɗan zaga, shi ke nan.

Wahalar Facebook a ƙarƙashin rubutun take. Ba a jima da ɗorawa ba masu gora suka iso, kamar ƙudaje sun ji ƙanshin mangwaro. Wannan ya ajiye lamba, wancan ya ce asibiti ba ta maganin sanyi sai an dawo gida. Kullum da dare sai na bi na goge, na toshe. Sai kuma akwatin saƙo na sirri. Nan ne na gane girman abin da mutane suke ɓoyewa. Magidanci zai turo hoton takardar gwajin da ya yi tun bara bai koma ba, wani ya rubuto doguwar wasiƙa kan matsalarsa da iyalinsa, wani ya ce yana ganin jini a bayan gida tun azumi yana shan maganin basir. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce ba na ba kowa amsar likita, ko da ina ganin na sani. Amsata ɗaya ce: Alhaji, ka zo da takardar, zan sa a shigar da kai ajin labule da wuri. Na gaya wa likita zancen mai jinin, ya ce lallai ya zo, domin ba duk jini a bayan gida ne basir ba, wani na iya zama alamar ciwon daji na hanji, kuma da wuri ake cin ƙarfinsa.

Ana saura kwanaki kaɗan sai ga abin da nake tsammani. Wani ya yi saƙon murya a ɗaya daga cikin zaurukan yana tambaya: wa ya ba da kuɗin, ina za a kai jinin mutane, me ya sa kyauta? Wasu 'yan kwamiti suka fusata, wai a cire shi. Na ce a'a. Mutumin Kano yana da dalilin yin wannan tambayar. A garin nan ne a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. A nan ne kuma aka dakatar da allurar shan inna a 2003 saboda zargi, sai a 2004 aka ci gaba. Wanda ya rayu cikin wannan ba za ka ce masa jahili don ya tambayi asalin kyauta ba. Sai muka amsa masa a zauren da ya yi tambayar. Ma'aji ya ɗora jerin karo-karon da rasiɗin kayan da aka saya. Muka ɗauki gajeren bidiyo, shi kaɗai ne bidiyon da na nace a kai, mai unguwa yana zaune an soki ɗan yatsansa, an ɗiga jinin a tsinke, lamba ta fito, an jefa tsinken da abin sukar a kwalin zuba allurai a kan idonsa. Mai tambayar bai ce komai ba, amma ranar taro na hango shi a layi.

Zancen hoto ma sai da aka yi. Wani yaron ɗan siyasa ya zo da tayin ruwan roba da rumfuna, da sharaɗin a rataye hoton maigidansa, a kuma bar mai ɗaukar hotonsu ya zagaya. Muka gode masa muka ce rumfa mun riga mun kama. Mun yi wa mutane alkawari da muryar likita cewa ba hoto, kuma wannan alkawarin ne ya fito da rabinsu daga gida. Ni na tsani ɗabi'ar nan ta ƙungiyoyi, a ɗauki fuskar dattijo ana ɗaura masa abin awo a damtse, a watsa a duniya da sunan mun taimaki marasa galihu. Gobe a majalisa a ce ashe wane ba shi da lafiya, jibi masu neman 'yarsa su fara bincike. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Hotunan da na ɗora bayan taro na kayan aiki ne, da takalman da aka jere a ƙofar aji, da bayan mutane daga nesa.

Ƙanen namu mai Movember ya so mu sa kansar mafitsara a matsayin babban take, tunda ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi shiga haɗarinta. Likita ya ƙi ƙememe. Ya ce ba mu da gwajin PSA, wato gwajin jinin da ake yi don neman alamarta, a wurin, kuma ko muna da shi, gwaji ne da yake buƙatar a zauna da mutum a yi masa bayani kafin da bayan, domin lambar kan hau ba tare da kansa ba. Yawancin masu wahalar fitsarin dare kumburin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara ne irin na girma, wanda ake sha wa magani, ita kuwa kansar a farkonta sau da yawa ba ta nuna alama. In ka rubuta kansa da manyan baƙaƙe, mai tsoro zai gudu, wanda ya zo kuma ya tarar ba ka da abin gwada ta. Abin da aka yi shi ne duk wanda ya kai hamsin, ko ya haura arba'in da biyar kuma mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ko yake da matsalar fitsari, likita ya rubuta masa takarda zuwa asibitin mafitsara na Abubakar Imam ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ciwon hanta nau'in B kuwa mun gwada, don binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma a maza ya kai kashi 10.3, mata 5.8.

Ranar Asabar ɗin da sanyin hunturu aka tashi. Kafin mu gama jera kujeru mutane sun fara shigowa da carbi a hannu, wasu da rawani sun rufe kunne. Kujerun da muka yi haya ba su isa ba, aka fito da bencinan 'yan makaranta, ka ga alhazai sun dunƙule a kan bencin 'yan aji uku. Ina tsaye kusa da teburin awo lokacin da aka zo kan wani mai sayar da yadi, ƙaƙƙarfa, yana ta barkwanci cewa shi rakiya ya yo. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa, ta duba, ta ce ya zauna ya huta minti biyar. Ta sake, ta koma ɗaya hannun. Ta sassauta murya ta ce, "Alhaji, ana fara kiran hawan jini daga 140 bisa 90. Naka ya haura 180. Ba kasuwa yau, likita za ka gani yanzu." Ya ce, "Sista, wallahi ko ciwon kai ba na yi." Ta ce ta sani, haka yake yi. Barkwancin ya tsaya. Wani ɗan kwamiti ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti bayan likita ya gan shi. Layin ajin labule kuwa shi ya fi na ko'ina tsawo, kuma babu mai kallon fuskar wani, kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Bayan an kwashe rumfa ne aikin waya na gaske ya fara. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini sai an maimaita a wata rana, haka suga in ta kai 126 kafin karin kumallo sai an sake gwadawa a asibiti. Duk wanda aka ba takarda an tambaye shi ko ya yarda a tuntuɓe shi, wanda ya yarda ya bar lamba a wurin ma'aikaciyar jinya, ba a wurina ba. Ba mu buɗe musu zaure ba, don zaure tona asiri ne, kowa zai ga lambar kowa. Ita take bin su ɗaya-ɗaya da gajeren saƙon murya: Baba, an je kuwa? Wasu sun je. Wasu sun ce sai an yi albashi. Wasu sun fara shan magani, da suka ji daidai suka ajiye, sai ta sake yi musu bayani cewa na hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Waɗanda gwajin hanta ya nuna ba su da cutar an gaya musu akwai allurar rigakafi sau uku, amma da kuɗi ake yi wa manya, nan ma da yawa suka ja da baya.

Ƙorafin da ya fi yawa a saƙonnin da take samu na kuɗin magani ne na wata-wata, ba na tsoro ko kunya ba. Shi ya sa a zaman kwamiti na makon jiya muka tsayar cewa taro na gaba ba za mu tsaya a awo kaɗai ba. Za mu nemi wani daga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ya zo da fom ya yi wa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu bayanin yadda ake shiga da abin da ake biya, tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ba ta ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ce. An sa taron bayan ƙaramar salla. Saƙon muryar kuma mai yadin nan ya ce shi zai yi, da sharaɗin a bar shi ya faɗi lambar da aka gani a damtsensa da bakinsa.